Malam Umaru Sake-Mu-Gani da Ɗan Azahar

Duk wanda ya zauna Gwandu a shekarun nan ya san ba a kai wa Malam Umaru matsala sau ɗaya. Ka je ka ce masa rediyonka ya mutu, ko fitilarka ta ƙi kamawa, ko jakinka ya harbe ka, amsar ɗaya ce. Zai gyara zaman tabaransa, wanda aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zaren buhu, ya dube ka ta samansa, ya ce, "Sake mu gani." A wurinsa abin da ya faru sau ɗaya labari ne kawai. Sai ya sake faruwa a gaban idonsa sannan ya zama abin gyara.

Ni Garba mai kifi na fi kowa shan wannan magana, don taubashina ne, mahaifiyata ƙanwar babansa ce. Wata rana na taso daga Kalgo da kwandon banda a bayan babur, na zo kwanar Kambaza babur ya watsar da ni. Na iso gidansa ina ɗingishi, ina jiran a ce mini sannu.

"Da kaya kah hwaɗi ko ba kaya?" in ji shi.

"Da kaya. Umaru, gwiwata fa!"

"Gwiwa ta warke. Tashi mu tahi."

Wallahi sai da mutumin nan ya maida ni kwanar nan, ya sa na ɗaure kwandon yadda na ɗaure shi da farko, ya koma gindin wata bishiyar bedi ya tsaya, ya ce in taho. Ni kuma da rashin wayo na taho. Tim! Na sake faɗuwa a daidai wurin. Ina kwance cikin ƙasa da kifi na ji yana tafi, yana cewa, "Alhamdu lillahi! Yanzu muna da abin gyara!" Ashe igiyar kwandon ce ke kama sandar birki idan babur ya karkata. Ya lanƙwasa wata 'yar waya ya gyara a nan take, babur bai ƙara kayar da ni ba. Ni dai na yi kwanaki ina sallah a zaune.

Ma'aikacin wayar tarho ne kafin ya yi ritaya, kuma bai san a yar da abu ba. Butarsa faci, takalminsa faci, har facin ma an yi masa faci. Da aka yi gwanjon kayan wani ofis a Sakkwato, bayan an ba mu jihar Kebbi da 'yan shekaru, mutane suna rububin kujeru da kabad, shi ya dawo da tsohuwar kwamfuta a kan cinyarsa cikin mota kamar mai riƙon jariri. Ya haɗa mata baturan mota saboda wutarmu da kuka sani. Wani tsohon abokin aikinsa ya aiko masa da tulin ƙananan faifai, a ciki akwai tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, irin wanda ake rabawa kyauta. Abin da ya haukata Umaru shi ne, wannan tsari ba a rufe yake ba. Duk rubutun da aka gina shi da shi yana nan a buɗe, kowa ya ga kuskure yana iya gyarawa ya aika wa sauran. Can tsakiyarsa akwai wani sashe da ke riƙe da komai, Umaru ya sa masa suna ƙwallo, kamar na goruba. Kuskuren cikinsa kuma ƙwaro. Gyaran da ake aikawa, ashe Turawan da ke wannan aiki su ma faci suke ce masa. Ranar da ya gano haka bai bar kowa ya huta ba.

A majalisar ƙofar gidansa aka tambaye shi nawa Turawan nan suke biyansa.

"Gayya ta," in ji shi. "Ran da munka tahi gayyar gona Maruda, wa ab biya ku?"

Na ce, "To ai a gayya ana ba da fura."

"Hurarsu na bisa hanya, Garba. Garin na da nisa."

Muna dariya, amma akwai abin da ni da matarsa Dije kaɗai muka sani a lokacin. Idonsa yana tafiya. Likita a Sakkwato ya gaya masa jijiyar ce ke mutuwa a hankali, ba abin da wuƙa za ta yi. Da aka faɗa masa, kun san abin da ya ce, sai da likita ya sake awon. Awo na biyu ya ba da amsar farko. A hanyar dawowa, da muka wuce rabin tafiya, ya ce, "Garba, ina son in sa hwacina guda cikin ƙwallon ga kahin huskar injin ta ɓace min. Guda dai. In ce ni ma na yi noma a gayyar."

Ƙwaron da ya zaɓa kuwa shi ne Ɗan Azahar. Kwamfutar nan da safe lafiyarta lau, da yamma ma haka. Amma a bazara, da rana ta take, kwanon ɗakin ya ɗau zafi, ana gab da kiran azahar, sai ta sandare. Ka danna duk abin da za ka danna, ko motsi. Na ce masa, "Kai bawana, wannan ai ba sai an yi karatu ba, zafi take ji. Sayo mata fanka."

Ya dube ni kamar na zagi kakanmu. "In na sa mata hwanka ƙwaron ya mutu? Ɓoyewa za shi yi. Ni ba ɓoye shi nika so ba, kama shi nika so."

Saboda haka maimakon fanka sai ya rufe taga. Mutane suna neman inuwa, Umaru yana cikin ɗaki a kulle daga shi sai zani a ƙugu, gumi yana ɗiga daga gemunsa, hancinsa kusan manne da gilashin injin, yana jiran baƙonsa. In ta sandare sai ka ji shi daga zaure: "Ya zo! Ya zo!" Dije takan ce ko ranar da aka haifi autarsu bai yi wannan murnar ba.

Autar ita ce Saratu, tana aure a Kalgo, tana aikin buga takardu a wani ofis a Birnin Kebbi da ke da waya da imel. Ita ce hanyarsa zuwa duniya, ni kuma jakinsa. Zai rubuta bayaninsa da Turanci ya sa a faifai, in cusa a aljihu in kai mata ranar da na je sarin kifi, ita ta aika, in amsa ta zo in dawo da ita. Saratu ta ce a ofis da ta ciro faifan Baba kowa ke ganewa, don ɗakin gaba ɗaya sai ya ɗau ƙanshin banda.

Amsar farko ta zo daga mutumin da ke kula da sashen faifai na ƙwallon, wani Bature a wata ƙasar sanyi. Gajeriya ce. Umaru ya kara gilashin ƙara girman rubutu, ya karanta, ya fassara mini: wai ya gwada a tasa kwamfutar, lafiya take, ba zai karɓi maganar ƙwaron da bai gani ba, sai an nuna masa yadda zai sa abin ya sake faruwa a gabansa.

Na gyara zama ina jiran fushi. Sai na ga mutum ya miƙe tsaye, fuska kamar an yi masa albishir da kujerar Makka.

"Garba! Ka ji mi yac ce? Sake mu gani yac ce! Ashe ina da ɗan'uwa ban sani ba!"

"Ƙaryata ka fa ya yi."

"Mutumin kirki na. Da ya yarda da ni da na raina shi."

To sai damina ta sauka, gari ya yi sanyi, Ɗan Azahar ya ɗauke ƙafa. Injin yana aiki sumul, Umaru yana ramewa. Idon hagu ya riga ya tafi, na dama kuma yana gani ne kamar ta bakin kwalba. Ba zai iya jiran wata bazarar ba, shi ma ya sani. Ranar nan na shigo na tarar da Dije tsakar gida tana juye-juye.

"Garba, ka ga kaskona? Yanzu na hura gawayi in gasa masara."

Kafin in amsa muka ga hayaƙi yana fita ta ƙasan ƙofar Malam. Muka banka. Ga kasko jajir da garwashi a gefen tebur, ga kwamfuta an yafa mata bargon Dije na aure, ga Umaru yana fifita wutar da murfin kwano.

"La ilaha illallahu! Malam, gasa ta za ka yi mu ci?"

"Ruhe ƙohwa, Dije, kina shigo min da damina!"

Dije ta buɗe taga ƙarfi da yaji, ta ce in zai kashe kansa da hayaƙi ba a gidanta na aure ba, sannan ta fita tana faɗa. Ni aka bari da fifita. Amma fa dabarar ta ci. Da injin ya gasu sai Ɗan Azahar ya zo, da hantsi ma, ba azahar ba. Yanzu Umaru na iya kiransa duk lokacin da ya so, kuma cikin 'yan makonni ya kama shi. Ga yadda ya bayyana mini, don ya san kaina na kifi ne. Babban faifan da ke cikin injin tsoho ne, in ya yi zafi yakan ɗan dakata ya daidaita kansa. In ƙwallon ya aiko masa da tambaya a daidai lokacin, ba ya ji. Shi kuma ƙwallon sau ɗaya yake tambaya, daga nan ya tsaya jiran amsa har abada.

"Kamar mutum ya zo ƙohwar gidanka ya yi sallama guda, kana bayan gida ba ka ji ba, shi ko ya tsaya nan har ya mutu. Wanga wane irin rashin tarbiyya na?"

"To mene ne maganin?"

"In koya mishi sallama ukku."

Facin nasa ke nan gaba ɗaya, 'yan layuka da ba su cika tafin hannu ba: in ka yi tambaya ka ji shiru, ka ɗan jira, ka sake. Na ce, "Umaru, wata nawa kana gasa mu, ashe sake-mu-gani ɗinka ka cusa wa injin!" Ya yi dariya har da tari. A saƙon ya gaya wa Baturen cewa in yana son ganin ƙwaron, ya nemo tsohon faifai irin wannan, ya lulluɓe injin da bargo, ya ajiye shi kusa da wuta.

Amsar ta daɗe. Na je Kalgo na dawo, na je na dawo, Saratu tana girgiza kai. Kafin nan Umaru ya daina ɗaukar gilashin, don ba ya ƙara masa komai. Bai yi ƙorafi ba, amma duk lokacin da ya ji ƙarar babur ɗina sai in tarar da shi tsaye a zaure, ya juyo da kunne wajena. Wannan tsayuwar tana ci mini rai, har na fara kashe babur tun daga bakin kasuwa ina turo shi.

Ranar da amsar ta zo Saratu ba ta ba ni faifai ba. Ta yafa mayafi ta ce in kai ta Gwandu da kanta. Ta durƙusa gaban mahaifinta ta karanta, tana fassara mana ni da Dije. Baturen ya ce ya aro tsohon faifai, ya lulluɓe injinsa da barguna biyu, ya jingina shi da abin ɗumama ɗaki, kuma injin ya sandare kamar yadda aka faɗa. Ya sa facin, ya sake gasa shi, bai sandare ba. Ya ce gyaran ya shiga ƙwallon, zai fito a sabon da za a raba wa kowa, da sunan wanda ya yi shi. A ƙarshe ya ƙara da cewa matarsa ta shigo ta gan shi yana lulluɓe kwamfuta, kuma tun ranar take yi masa wani irin kallo.

Dije ta tafa hannu. "Ashe kowane gari da nashi! Saratu, ki rubuta ki ce ina gaida matar nan, Allah Shi ba ta haƙuri."

Muka kwashe da dariya, har da shi. Sannan ya share fuska da bakin zani, ya ce, "Auta, sake." Ya buɗe baki zai ƙarasa yadda ya saba, sai ya tsaya. Ya ce, "Sake mu ji."

Ta sake karantawa. Ni ban iya zama ba, na fita wai zan duba babur.

Da bazara ta zagayo sabon ƙwallon ya iso. Saratu ta ɗora shi a injin, Umaru yana gaya mata abin da za ta danna, muka rufe taga muka zauna. Shi ba ya ganin komai a lokacin, sai ya kara kunne a jikin injin. Ana gab da azahar muka ji faifan ya yi ɗif. Umaru ya ɗaga yatsa. Can sai ƙyas, ƙyas, injin ya ci gaba da aikinsa.

"Ya sake sallama," in ji shi. "An amsa mishi." Ya juyo inda yake jin numfashina. "Garba, yanzu kana iya sayo hwankar nan. Ka kai ɗakin Dije."

Bai ƙara shekara biyu ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Bayan an dawo daga maƙabarta na shiga yi wa Dije gaisuwa, ta ce da liman ya rufe masa fuska ya ce ya cika, ita dai tsayawa ta yi tana kallon mayafin, tana jiran ta ji murya daga ciki ta ce a sake mu gani. Muka yi dariya muna hawaye. Wannan karon shi ma bai yi gardama ba.

Allah Ya jiƙan Umaru, Ya haskaka masa kabarinsa fiye da hasken da ya rasa a nan. Allah Ya sa in ya yi sallama a ƙofar Aljanna a amsa masa tun a ta farko. Mu kuma da muka saura, Allah Ya sake haɗa mu da shi, mu gani.