Shuɗin da Rosalba ta nemo

Kowace safiya, kafin masunta su gama sauke kifi, Rosalba Mastropasqua ta riga ta ɗage ƙofar garejinta da ke bayan kasuwa. Takan sha kofi a tsaye, ta ɗaure kai da ɗankwalin da fenti ya daɗe da cinye asalin launinsa, sannan ta fito da gwangwanayenta bakin ƙofa, domin ta ce hasken lantarki maƙaryaci ne. Fiye da shekara arba'in ke nan tana fentin mota a garin nan, sana'ar da ta gada wurin mahaifinta. Ƙarshen watan nan za ta rufe, gwiwoyi sun ce sun gaji.

Yawancin masu zuwa wurinta yanzu tsofaffi ne masu tsofaffin motoci, masu son a mayar musu da mota yadda take lokacin da suke da gashi a ka. Duk wanda ya je kuwa ya san zai sha tambaya. Ka ce ja kake so, sai ta ce wane ja? A ina ka fara ganinsa? Wa ke zaune a gaba? Mai gidan burodi ya rantse cewa fentin ƙofa ɗaya ya kai shi, ya fito ya zazzage mata labarin budurwarsa ta farko, wadda ko matarsa ba ta san da ita ba. Da yawa sun ɗauka son gulma ne, har zuwa bara da aikin Zi Cataldo ya zo.

Zi Cataldo, wato Kawu Cataldo, tsohon mai ɗinkin ragar kamun kifi ne, ya haura tamanin. Likita ya gaya wa 'yarsa Loredana cewa kafin sanyi ya shigo, ɗan ganin da ya rage masa zai tafi. Ta tambaye shi me yake so ya gani, ko ta kai shi Roma? Ya ce shi motar yayansa Sabino yake so ya gani. Wata ƙaramar Fiyat ce shuɗiya, wadda suke cusa kansu a ciki ran Lahadi suna samari, gwiwa a haɓa, su yi ta kai da komo a titin bakin teku, 'yan mata na shan askirim suna yi kamar ba su gan su ba. Sabino ya sayar da ita ya tafi Jamus neman aiki, bai dawo ba sai a akwati. Loredana ta samo irinta a wani ƙauye, bakanike ya tayar da injin, aka turo wa Rosalba.

Ta haɗa shuɗin da motocin shekarar suke fitowa da shi, ta fesa, mota ta fito kamar madubi. Tsoho ya matso har hancinsa ya kusa taɓa ƙarfen.

"Kyau kam ta yi, Rosà. Amma wannan motar likita ce."

Ta gwada wani a kan fallen ƙarfe. Ya ce wannan rigar 'yan makaranta ce. Ta sake wani, ya girgiza kai.

"Papà, don Allah," in ji Loredana, "shuɗi ai shuɗi ne."

"Haka uwarki ta ce miji miji ne, ga shi ni ta samu."

Aka yi dariya, amma Rosalba hankalinta bai kwanta ba. Ta lura duk zuwan da zai yi sai ta ƙara matso masa da fallen kusa da fuska, kuma ya fara tuntuɓe da dokin ƙofar da ya saba tsallakewa. Ta yi masa tambaya har ya gaji. Daga ƙarshe ta ce, cikin masu hawa motar nan, wa ya rage da rai? Ya ce sai Graziella, mai sayar da furanni a ƙofar maƙabarta.

Rosalba ta rufe gareji da rana tsaka ta tafi.

"Waccan shegiyar motar?" in ji Graziella, tana yanke ganye ba ta ko ɗago ba. "Ita ta ja min dukan da har yau ban manta ba. Ranar bikin Madonna, wato Maryam uwar Yesu, na jingina da ita da farin siket ɗina, na koma gida da shuɗi a baya kamar an buga min tambari."

"Fentin mota ya kama siket? Sabon fenti aka yi mata?"

"Yarinya, wace shekara ce ba a yi mata sabo ba? Sabino ya taɓa barin ragowar gwangwani?"

Nan Rosalba ta zauna a kan bokitin furanni. Duk ɗan garin nan ya san cewa kafin biki masunta kan fente jiragensu, kuma ragowar fentin ba a zubarwa, a kan ƙofa yake ƙarewa, da kujeru, da kejin kaji. Kowane gida da nasa shuɗin, don kowane tsoho da yadda yake haɗa nasa. Iskar teku tana cin ƙarfe, shi ya sa Sabino kan bi motarsa da buroshin jirgi duk shekara. Cataldo bai taɓa faɗa ba, saboda a wurinsa haka ake fentin mota, me za a faɗa a ciki?

Jirgin gidan su Cataldo ya daɗe da zama itacen girki, gidan kuma an sayar an shafe shi da fari. Rosalba ta bi dangi gida-gida da tambayarta, har ta samu kujerar mahaifiyarsu a wurin wata jika. Ta kifa ta. A ƙarƙashi, inda rana ba ta taɓa kaiwa ba, ga shuɗi mai duhu, da ɗan kore a cikinsa.

Sai matar da ta ƙarar da rayuwarta tana farautar sawun buroshi tana gogewa ta rataye na'urar feshi, ta haɗa shuɗin kujerar da fentin jirgi, ta sayo buroshin masunta.

Da fentin ya bushe, aka tura motar bakin teku da hantsi. Loredana ta riƙo hannun mahaifinta. Tun bai iso ba ya tsaya, ya ja numfashi.

"Warin nan," ya ce.

Ya matso. Ya daɗe yana kallo, yana karkata kai don ya kama ta da gefen idon da ya rage.

"Ita ce. Ina ganinta, Loredà. Ita ce."

Ya ɗora tafin hannu, ya bi layukan buroshin a hankali har bakin ƙofa, sai ya ɓata fuska.

"Rosà, aikinki ya cika tsafta. Sabino ƙazami ne. Nan ƙarƙashin mariƙin ƙofa fenti ya zubo ya daskare, shi nake murzawa da yatsa in 'yan mata sun taho."

Rosalba ta koma gareji ta ɗauko buroshi, ta tsoma shi sosai, ta danna a inda ya nuna, ta bar fenti ya gangaro. Loredana ta ce a lokacin ne ta ga tana share ido da gefen ɗankwali.

Rosalba, ke ce mai tambayar da ba ta gajiya. Da kin tsaya a feshin farko ba wanda zai zarge ki, aikin ba shi da aibu. Ke ce kika yarda cewa tsoho mai makancewa ya fi ki sanin abin da yake nema. Mun gode, mu da muka sha tambayarki muna ƙunƙuni. Allah ya huta gwiwoyin nan. Masu sana'a da ke tasowa kuma, idan mutum ya ce muku ba haka ba ne, kada ku yi saurin cewa ya rikice, ku ƙara masa tambaya ɗaya.

Sanyi ya shigo, kuma likita bai yi ƙarya ba. Amma duk Lahadi Loredana kan ajiye motar a titin bakin teku, Zi Cataldo ya tsaya a gefenta da yatsarsa a ƙarƙashin mariƙi. In ya ji takun mutum ya tsaya kusa, sai ya juyo da fuska ya ce, "Ka ga shuɗin nan? Na gidanmu ne."