Baba Basilla na ƙofar jami'a

Kafin ɗalibai su fara fitowa, ya riga ya kafa laimarsa a gefen babbar ƙofa, ya buɗe akwatin katako, ya jera zare da gam da ƙananan ƙusoshi. Gyaran takalmi ne sana'arsa, shi ya sa yaran suka laƙaba masa Baba Basilla. Hannunsa na ɗinki, bakinsa bai huta ba.

"Kai, mai jar riga, wayarka na leƙowa daga aljihun baya, tana neman sabon ubangida!"

"Ke 'yata, cire abin nan daga kunne. Ko jirgin ƙasa ya biyo ki ba za ki ji ba."

Su yi dariya, su gyara, su wuce.

Ni da ke wannan magana tsohon direban babbar mota ne. Ban taɓa zama a aji ba, amma na faɗa rami da mota na fito da ƙafata, 'yan fashi sun tare ni na bar su suna cin ƙura. Ba kowa nake yaba wa ba. A bencin Baba nake yini tun da na ajiye tuƙi, don haka abin da zan faɗa idona ne ya gani.

Wata rana da la'asar, wata sabuwar ɗaliba ta fito tana kuka, wani mutum mai tsadaddun kaya yana gabanta, ya nufi mota mai baƙin gilashi. Muna jinsa yana cewa, "Yi sauri, babanki na asibiti, hatsari ya yi. Ofishinmu ɗaya. Kada ki kira mamanki, hawan jininta zai tashi."

Baba ya ɗaga kai. Bai san mutumin ba, bai san yarinyar ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne wannan "kada ki kira". Idan ta shiga motar nan, babu wanda zai san inda ta nufa.

"Ke 'yata, tsaya! Takalminki ya tsinke."

"Baba, sauri nake!"

"Da ƙafa ɗaya za ki shiga asibiti? Kawo, yanzu-yanzu."

Hankalinta ba ya jikinta, ta tuɓe ta miƙa. Takalmin nan lafiyarsa ƙalau. Na ga Baba ya sunkuya bayan akwati, ya sa wuƙa ya datse maɗaurin. Daga baya ya ce mini wai don kada ya zama maƙaryaci.

Ya fara ɗinki kamar mai jin barci. "Alhaji, bismillah, ga benci. Direba, matsa wa baƙo."

Na matsa, na ɗora sandata a cinya yadda zai gan ta da kyau.

"Tsoho, ba mu da lokaci," in ji mutumin. "Zan saya mata wani a hanya."

"Haba Alhaji, aikin da na fara? 'Yata, kafin in gama, kira babanki. In ba zai iya ɗauka ba, na kusa da shi zai ɗauka, ki ji ko akwai abin da za ki riƙo."

Ta kira. Har mu muna jiyo muryar uban, garau, yana tambaya ko lafiya, ga shi zaune a shago. Mutumin ya ce bari ya juya mota. Har yau yana juyawa.

Yarinyar ta zube a benci, takalmi ɗaya a ƙafa. Baba bai yi mata faɗa ba. Ya sa mai lemo ta ba ta ruwa, ya tsayar da ɗalibai mata suka raka ta wurin masu tsaron makaranta ta yi bayani.

Baba, kai ne mai gadin da ba a ɗinka wa kaki ba. Da ni ne, da sanda zan fara, a taru ana rabo, yarinya ta ƙara ruɗewa. Kai da zare ka yi naka. 'Ya'yan mutane nawa ka riƙe wa takalmi har abokan tafiyarsu suka iso, Allah ne ya sani, don kai ba ka faɗa.

Yanzu idonsa ya raunana, zare ya daina shiga basilla, 'ya'yansa sun ce ya huta a ƙarshen wannan wata. Mun gode, Baba. Allah ya ba ka lafiya, ya tsare naka yadda ka tsare na wasu.

Ku kuma masu rumfa a ƙofar makaranta, mai lemo, mai caji, mai aski, sababbin ɗalibai na nan tafe, mai baƙin gilashi ma bai mutu ba. In kun ga 'yar mutane na bin baƙo tana kuka, ku nemi dalili ku tsayar da ita, ko da za ta zage ku. Zagi ba ya kisa. Ni an zage ni ya fi a ƙirga, ga ni zaune.