Ƙwaryar da Ta Tona Mini Asiri a Hanyar Birnin Gwari

Kaduna

Kafin kiran assalatu na sulale daga gida kamar ɓarawon kaza, a shekarar da aka koma tuƙin dama. Sana'ata gyaran batirin mota, kullum ina cikin hayaƙin dalma. Na daɗe da auren Asabe ba haihuwa, Inna kuwa ta kafe sai na sake ta kafin azumi. Alhali likita ya gaya mini a asirce cewa dalmar ce ta shiga jinina ta kashe mini iri. Ni ne mai laifin, amma gemuna ya hana ni faɗa.

Buruku

Na hau bayan wata akori-kura. A shingen Buruku soja ya tambayi inda za ni. Na gyara hula na ce, "Sayen katako, ranka ya daɗe." Direba ya dubi aljihuna da ba nauyi, ya ja mota.

Birnin Gwari zuwa Gayam

Da azahar muka isa, ƙugu ya kwance. Na ci tuwon dawa miyar karkashi, na yi hayar keke zuwa Gayam, na faɗi a rafi har wandona ya yage. Na kwana a zauren mai unguwa. Da safe aka kai ni wurin Baba Gajere, dattijo mai sanin itatuwan dajin Kamuku.

Na ce, "Baba, wani abokina ne ba ya haihuwa."

Ya ce, "To, abokin ya miƙo hannu." Ya juya tafina mai ƙunar ruwan batir, ya ce, "Ɗana, gaida abokin naka, ka ce ya bar wannan aiki."

Wallahi na ji kunya har bayan kunnena. Muka shiga daji, ya sa na haƙo saiwoyi da tsinin itace. Ya zuba su a sabuwar ƙwarya, ya rufe da ganye, ya ɗaure da jan zare. Ya ce a al'adarsu maganin nan ba ya taɓa ƙarfe, ba ya taɓa ƙasa, ba ya shiga jaka, kuma mai shi ke riƙewa har gida.

Komowa

Ashe duk mutanen hanyar nan sun san ƙwarya mai jan zare! Mota kuwa ko'ina ƙarfe, sai na rungume ta a cinya. Mai ƙosai ta ce, "Allah ya kawo rabo, malam." Direban nan na jiya ya ce, "Mai katako, an samu kaya?" A Buruku soja ya ɗaga mini hannu ya ce in sha da kyau, shi ma ya taɓa sha.

Gida

Bayan isha'i na shiga gida da ita a ka. Inna ta taso da murna. "Madalla! Kawo a dafa wa Asabe."

Na ce, "Inna, ba a karɓa. Nawa ne. Ni ne ba na haihuwa."

Inna ta zauna a kan turmi. Can ta ce, "Asabe, 'yata, yafe mini."

Asabe ta ce, "Ai na sani tuntuni, Inna. Ni ce na tura shi wurin likitan."

Ko saiwar za ta yi aiki, Allah ne masani. Batir dai na bari, matata kuma tana ɗakinta. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Baba Gajere da ya hana ni jaka.