Kawu Sidi da Kuregensa Mai Tashi

Duk wanda ya san Kawu Sidi a Zangon Kwatano ya san idonsa ba ya kan hanya, yana kan bishiya. Ko zem ya hau, sai ka ji yana dukan kafaɗar mai babur: "Rage, rage, ga mangwaro can!" Masu zem har gudunsa suke yi.

Dalili kuwa, yana saurayi yana bin motar goro, sai motar ta mutu musu a dajin Basila. Gab da magariba ya ga wani abu kamar kurege ya fito daga kogon itace, ya buɗe fatar haƙarƙarinsa kamar mai shanya zane, ya sulala a iska har wata bishiyar. Direba na ƙarƙashin mota, Kawu kaɗai ya gani. Da ya dawo ya ba da labari, aka yi dariya har da riƙe ciki, aka laƙaba masa Sidi Kurege. Mutumin da ko da wasa ba ya ƙarya, aka mayar da shi maƙaryacin unguwa. Ni 'yar ƙanwarsa ce, na san abin ya ci masa rai har tsufa.

Ranar da ya ga kuregen ta zo daidai da ranar da ƙasar nan ta samu 'yancin kai. Duk shekara, jama'a na tururuwa kallon faretin sojoji, shi kuma zai sa farar babbar riga ya raba ƙosai a ƙofar masallaci. Wani baƙon malami ya taɓa yaba masa: "Kai, Malam Sidi, wannan shi ne kishin ƙasa!"

"Wace ƙasa? Ni kuregena nake tunawa. Su ma sojojin da sun gan shi da sun ƙara buga ganga."

Kuma kada ka kuskura ka kira dabba da sunan da ba nata ba. Na taɓa cewa na ga ana gasa gafiya a kasuwar Dantokpa. Wayyo ni!

"Gafiya? Gyazbi ne, Hadiza, wanda mutanen nan ke cewa aguti! Gafiya kumatun ajiya gare ta, bakin wutsiyarta fari. Me aka koya muku a lakwal?"

Alhaji Mudi, abokin tsokanarsa, ya cafe: "To naka fa, me ake ce masa da Hausa?"

"Ba shi da suna. Wa zai sa masa, ku da ba kwa ɗaga kai?"

"Jemage ka gani, Sidi."

Sai da Sallah ta zo kafin Kawu ya sake cin tuwo kwano ɗaya da shi.

Bara, ina rumfata ta atamfa, wata mai sayar da busassun dabbobin magani, wadda Kawu ya daɗe yana damunta da tambaya, ta zo ta ja ni. Wani maharbi ya kawo mata wani abu a kwando, da rai. Na leƙa. La'ilaha illallahu! Ga manyan idanu, ga fata a naɗe a gefe kamar riga ta yi masa yawa. Ko rumfar ban rufe ba na ɗauko Kawu.

Ya durƙusa da sandarsa ya daɗe yana kallo, hawaye na bin gemunsa. Ko tayi bai yi ba ya biya, shi da yake ja-in-ja a kan albasa.

Na ce, "Kawu, tashi mu kai shi majalisa! Yau sai na ga idon Alhaji Mudi!"

Bai tashi ba. Dabbar na haki, ko motsin kirki ba ta yi.

"Idan na kai shi Zango, kowa sai ya ja fatar ya gani. Ba zai kai la'asar ba."

"To sunanka fa, Kawu?"

"Na saba da shi."

Raina ya ɓaci, wallahi har kuka na yi. Shi kuwa ya karɓi mayafina ya rufe kwandon, ya ja ni bakin kasuwa inda wata motar arewa ta gama lodi. Ya miƙa kwandon, ya riƙe hannun direban, ɗan tsohon maigidansa ne: "Basila, gindin itace mafi tsawo. Ka buɗe, ka ja da baya, kada ka taɓa shi."

Da na ba da labari a unguwa, Alhaji Mudi ya ce ashe ƙaryar a jini take. Kawu ya yi murmushi ya miƙa masa goro. Bai ga damina ta gaba ba, ya tafi da sunan Sidi Kurege.

Ni dai na gani da idona, kawuna bai yi ƙarya ba. Ya Allah, ya ji tausayin abin da ba shi da bakin roƙonsa, Ka ji tausayinsa, Ka sanyaya masa makwanci.