Zuma a Allo, Alawa Daga Sama

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Maman Uju, amma har yau in Lahadi ta yi la'asar sai in tsinci kaina a baranda ina kasa kunne. Ba abin da nake ji sai jirgin ƙasa mai wucewa ta Titiwangsa da injin wankin maƙwabta. Masu karatu ku yi haƙuri, yau filin nan nata ne.

Ibo ce, haifaffiyar Sabon Garin Kano, kuma Bayahudiya. Na san wani zai koma ya sake karanta layin nan, ni ma ranar da ta faɗa mini sai da na ce ta maimaita. Akwai wata 'yar ƙaramar majami'a a bayan garin Abuja inda jama'arta ke ibada, a can take koyar da yara duk ranar Lahadi: baƙaƙen Ibrananci, labaran Attaura, addu'ar cin abinci, da waƙoƙin ranar Asabar. Yaran na kiranta Mora, wato malama. Abin da ya kawo ta Kuala Lumpur kuwa jego ne. 'Yarta Uju, wadda gidanta ke ƙarƙashin namu a bene ɗaya, ta haifi namiji, uwa ta zo da 'yar jakarta da niyyar ta yi mata wanka ta koma bayan arba'in. Sai korona ta zo aka rufe ƙasa, aka rufe mu a gidajenmu.

Haɗuwarmu ma abin dariya ce. Ina shanya a baranda ina yi wa 'yata Hafsa faɗa ta zubar mini da garin kunu, sai na ji murya daga ƙasa, da Hausa tas irin ta 'yan Kano: “Baiwar Allah, a yi mata afuwa, na karɓi laifin.” Saura kaɗan zanen ya suɓuce mini. Na leƙa, ban ga komai ba sai tsakiyar ɗankwali. Haka muka yi watanni muna hira, ni ina ganin ɗankwalinta, ita tana ganin haɓata.

Ba a shiga gidan juna a lokacin, don haka muka ɗaura wa bokiti igiya. Shekarar ce ba a ci kasuwar azumi a Kampung Baru ba, duk wanda ya saba zuwa ya yi tapau, wato ya sayo abinci a ƙunshe, ya dawo da ledoji sai ya koma madafarsa. In na sha ruwa sai in zura mata ƙosai da kunun gyaɗa. Ita kuma ranar Juma'a kafin rana ta faɗi sai bokitin ya dawo da burodi mai kitso, da zafinsa. Daga nan ba za ka sake jin ɗuriyarta a waya ba sai Asabar ta wuce, don ranar ba ta taɓa waya ba ta kunna wuta. Nakan tsokane ta in ce kulle bai zame mata baƙo ba, ita da ma duk mako tana yin nata.

Makarantarta ba ta tsaya ba. Safiyar Abuja ita ce yammacinmu, sai ta ɗauko kwamfutar surukinta ta zauna a baranda, don nan ne sabis ya fi ƙarfi. Yaran su fito a gilashi, kowa daga ɗakin uwarsa, wani da buroshi a baki, wani ƙanensa na hawa masa wuya. Ita ko a jikinta. Takan fara da waƙar baƙaƙe, tana tafi, tana kiran kowa da sunansa, wanda ya yi kuskure ta yi dariya ta ce ya sake. Ban taɓa jin ta daka wa yaro tsawa ba, ni da nake ganin karatu ba ya shiga sai an ga bulala a gefe. Tun farko ta tambaye ni ko hayaniyar za ta dame ni ta koma ciki. Na ce ta zauna abinta, shirun garin nan ya fi damuna.

Amma akwai yarinya ɗaya da ta gagare ta, kuma a gidan take. Dina ce, 'yar farin Uju, lokacin tana da shekara biyar. A nan aka haife ta, ba ta taɓa ganin majami'a da idonta ba, don garin nan babu, su kansu iyayen ba sa tallan addininsu a waje. Ka yi mata magana da kowane yare, da Turanci ko Malay za ta ba ka amsa. Da kakar ta ce ta zo a fara mata karatu, sai ta murguɗa baki ta ce “tak nak”, wato ba ta so, kakar ta je ta koya wa 'ya'yanta na cikin talabijin. Haushi take ji, a ganinta an zo gidansu an kuma fi son wasu yaran a kanta.

Wannan abu ya ci wa tsohuwar nan rai, ko da yake ba ta nuna wa yarinyar ba. Ni ta faɗa wa wata rana da safe, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce maganin zuciyar da ta zo da shi ya kusa ƙarewa, an kuma fara maganar jirgin da zai kwashe 'yan Najeriya, dole ta bi shi. Ta ce ta fara wa 'ya'yan mutane karatu ba adadi, ga jikarta za ta tafi ta bar ta a garin da ba majami'a ba malami, kuma ba ta da tabbacin za ta sake dawowa. Na ce to ta kama ta ta zaunar da ita mana, yarinya 'yar mitsitsiya. Sai ta ce a'a. A al'adarsu ranar da yaro zai fara karatu zuma ake shafa wa baƙaƙen a kan allo, malami ya faɗa yaro ya maimaita ya lashe, don abin da zai fara sani game da karatu shi ne yana da zaƙi. Ta ce yaron da aka jawo yana kuka, ko an cika masa baki da zuma hawayen zai tuna.

Don haka ba ta sake kiran Dina ba. Abin da kawai ta yi, ta daina rufe ƙofar baranda, ta kuma shimfiɗa wa teburin wani dogon zane da ya sauka har ƙasa. Ni daga sama ban san dalili ba, sai daga baya Uju ta gaya mini duk Lahadi yarinyar na rarrafawa ta shige ƙarƙashin teburin da 'yartsanarta, wai ita wasa take yi. Kakar na jin ta a kan ƙafafunta amma ta yi kamar ba ta sani ba.

Ranar da abin ya faru ina tsaye ina tsince shinkafa. Ana tsakiyar waƙar baƙaƙe sai sabis ya ɗauke a can Abuja, muryoyin yaran suka yanke ɗif. Waƙar kuwa ba ta yanke ba. Wata siririyar murya ta ci gaba da ita daga ƙarƙashin tebur, ita kaɗai, har ƙarshe, ba ta tsallake baƙi ko ɗaya ba. Na ajiye faranti na toshe bakina kada in yi guɗa in ɓata lamarin. Tsohuwar ta jira sabis ya dawo ta ƙarasa darasinta. Da dare yarinyar da kanta ta je ta ce wa kakar, tunda ta fi 'yan talabijin iyawa, yaushe za a ba ta nata allon?

Washegari da sassafe na ji ana jan igiya. “Maman Hafsa, kina da zuma?” Ina da ita, ta gida ce mai kyau da na zo da ita nake ɓoyo saboda tari, ko Abban Hafsa sai ya roƙa nake ɗiga masa. Na zura mata kwalbar gaba ɗaya. Sai ta ce akwai saura. Wai idan yaro ya lashi zumar, sai a watso masa alawa daga sama, a ce mala'ika ne ke murna ya fara karatu. A majami'a manyan yara ke laɓewa a baya su watsa. A nan kuwa ba wanda ke samansu sai ni.

Na ce, “Mama, ni ce mala'ika? Astagfirullah, ki bar ni da zunubaina.” Ta yi dariya har da tari. Na je na tambayi maigidana, ya ce ke alawa za ki jefa wa yarinya, ba wani abu aka ce ki karanta ba, haƙƙin maƙwabtaka ne. Na koma na ce na yarda, amma da sharaɗi: in Dina ta tambaye ni, gaskiya zan faɗa mata. Ta ce ta amince, ai yara ba sa tambayar abin da ba sa son a ɓata musu.

Kada wani ya ɗauka aikin mala'ika wasa ne. Barandarsu daidai ƙarƙashin tawa take, duk abin da na saki sai ya zarce ƙasa. Na yi ta gwaji da wake lokacin da Dina ke barcin rana, har mai gadi ya ɗago kai yana neman wanda ke jifan motocin mutane. A ƙarshe na gane sai na kwanta da ciki a kan ƙarfen barandata, na miƙa hannu ƙasa sosai, na wurga ciki. Abban Hafsa ne ke riƙe mini ƙafa, yana cewa in na faɗo shi bai san me zai gaya wa iyayena ba.

Aka yi bikin Lahadin da ta biyo bayan ƙaramar salla. Duk yaran majami'ar sun fito a gilashi da iyayensu, an yi ado kamar za a je suna. Ina kwance a kan ƙarfe ina jin kakar na faɗin baƙin farko, yarinyar na maimaitawa, sai ɗan shiru, sai ta ce “sedap!”, yadda yaran nan ke cewa abu ya yi daɗi. Nan na buɗe hannu. Alawa ta zubo, rabi a kanta, rabi a kan motocin mutane. Dina ta ƙwalla ihu, yaran Abuja suka ɗauki tafi da waƙa, jariri ya farka ya sa kuka, mai gadi a ƙasa yana tsintar rabonsa. A tsakiyar annoba, ana ta jin jiniyar motar asibiti, ban taɓa yin farin ciki irin na ranar ba.

Ba a daɗe ba jirgin ya samu ta tafi. Sai a ranar na ga fuskarta sosai, a bakin lif, ita ma rabi takunkumi ya rufe. Shekarar da ta biyo baya zuciyar ta tsaya, a gidan da take haya a Abuja, bayan ta tashi yaranta daga darasi.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Unguwar kasuwa ta Bukit Bintang ta sake cika maƙil, an manta da takunkumi, bokitinmu ya koma aikin mofa. Ina jin za ta yi murna da cewa wata budurwa cikin ɗalibanta ce ta karɓi ajin, kuma har yanzu ana jingina waya a kan benci saboda yarinya ɗaya da ke Malesiya. Abin da zai ɓata mata rai shi ne yadda muke zagin juna a wayoyin nan da sunan addini, mutanen da ba su taɓa miƙa wa juna ko kofin ruwa ba. Ni da ita ba wadda ta taɓa yi wa 'yar'uwarta wa'azi. Ta rasu a kan addininta, ina nan a kan nawa. Abu ɗaya na ara a wurinta ban mayar ba: ranar da Hafsa ta fara allo, dabino na ajiye a gefenta, bulalar kuma na ba maƙwabciya ta ɗaure tumatirinta.

Mutanenta in sun ambaci mamaci sukan yi fatan tunawa da shi ta zama albarka. Ba ta bar gida ko fili ba, ba ta bar littafi da sunanta ba. Na daɗe ina tunanin abin da ta bari, sai watan jiya aka ƙwanƙwasa mini ƙofa.

Dina ce, ta yi tsawo, riƙe da hannun ƙanenta Eli, jaririn da kakar ta zo yi wa wanka. Ya kai shekara biyar. Ta ce Lahadi za a fara masa karatu, malamarsu ta yarda ita za ta riƙe allon, ta faɗa ya maimaita. Ta tura shi ya je wajen Hafsa, sannan ta rage murya ta ce da 'yar Hausar da ta tsinta a gidana, “Aunty, boleh ki sake zama angel?”

Wato ko zan yarda in sake zama mala'ika. Shekara biyar ba ta taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa ɗaga maganar ba. Na ce tun yaushe ta sani? Ta kama hannuna ta juya tafin sama. Ta ce tun ranar, ta ɗaga kai ta ga hannun da ya watso alawar da jan lallen salla. Ta faɗa wa kakarta, kakar ta ce ta yi shiru kada Aunty ta ji kunya, ta sha wahala.

Ranar Lahadi na sake kwanciya a kan ƙarfen nan, bayana na ciwo, Abban Hafsa na riƙe da ƙafata yana mita. Daga ƙasa na ji muryar yarinya tana faɗin baƙin farko a hankali, da irin lanƙwasar muryar kakarta, na ji yaron ya maimaita. Hawaye ya hana ni ganin inda nake wurgawa, amma na ji ihunsa, na san alawar ta same shi.