Kujera Bakwai da Keken Inna

Ana idar da sallar asuba muka fito da kaya ƙofar gida a Gyadi-Gyadi. Rano muka nufa, duba yayar Inna da ke kwance ba lafiya. Sabuwar jif ɗin Yayanmu ce za ta kai mu, irin mai aiki da fetur da batir. Da zai saya an nuna masa mai kujera biyar da mai bakwai, ya ɗauki ta bakwai, ya ce gidanmu ba a taɓa fita unguwa mutum biyar ba.

Mu shida ne: Inna, Yaya da matarsa da 'yarsu, ƙanwata, sai ni. Tun da aka yi wa Inna aikin ƙugu ba ta taka ta wuce tsakar gida ba, don haka aka kwantar da ɗaya daga kujeru biyun can baya, aka naɗe kekenta na marasa lafiya aka saka a wurin. Yaya ya danna maɓalli, shiru, ba ƙara. Inna ta ce, "To tashe ta mana." Ya ce, "Ai tafiya muke, Inna." Ta leƙa ta taga ta yi salati.

Ba mu yi nisa ba ta ce a biya ta Tarauni. Ashe ta yi wa Mama alkawarin zuwa tare, ba ta gaya wa kowa ba. Mama tsohuwar nas ce 'yar Kudu, ta tsufa a Kano, ita ke zuwa wanke wa Inna ɗinki kyauta. Muka tarar da ita tsaye bakin ƙofa da jakarta da abin awon jini. Muka zama mu bakwai, kujera shida.

Na ce zan sauka in bi motar haya daga Unguwa Uku. Inna ta ce, "Ba wanda zai sauka. A sauke keken." Yaya ya juyo ya ce, "Inna, in kika faɗi fa?" Ta ce, "Ga ku nan har shida, wa zai bar ni in kai ƙasa?" Mama ta ce in dai a hankali ne ƙafar za ta ɗauka. Yaya ya fita ya kai keken falon Mama da kansa.

Ni da ƙanwata aka tura can baya. Mai niyyar sayen irin motar nan ya sani, layin tsakiya faɗi da laushi kamar falo, amma na baya na yara ne da masu haƙuri. Gwiwata ta kusa taɓa haɓata. Sanyin na'urar motar dai yana iso mana, kuma ramukan hanya sai dai ka gan su.

A Karfi muka tsaya sayen gasasshiyar masara. Masu sayarwa na ganin motar suka ninka kuɗin. Mama ta sauke gilashi ta yi ciniki da Hausar da ta fi tawa gogewa, aka dawo farashin mutane har da gyara. Daga nan zuwa Bunkure gonakin shinkafa ne kore shar hagu da dama, har duwatsun Rano suka fara bayyana.

Lungun gidan ya yi wa motar kaɗan, dole aka tsaya a bakin titi. Inna ta sauko, ta dafa kafaɗar Mama, ta fara takawa. Yaya na biye da ita, hannuwa a buɗe, zufa na zuba masa. Ta huta a jikin wata katanga, ta ci gaba. Da ta ɗaga labulen ɗakin, yayarta ta ɗago daga shimfiɗa ta ce, "Aka ce min ba kya tafiya?" Inna ta ce, "Ni ma haka aka ce min." Suka riƙe hannun juna, dariya da hawaye tare. Ranar nan mara lafiyar ta ci tuwon dawa da miyar kuka sosai, abin da aka ce ta kwana biyu ba ta yi ba.

Kafin magariba mun sauke Mama a Tarauni mun iso gida, allurar mai ko rabi ba ta sauka ba. Abin da na koyo shi ne, kafin ka ƙirga kujerun mota, fara tambayar tsohuwar gida wa ta gayyata. Bayana ya kwana yana ciwo. Inna kuwa da safe ita ta taka har zaure ta buɗe wa mai kawo ruwa ƙofa.