Kwana Ukun da Maigidana Ya Ƙi Buɗe Baki

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan manta da kwana ukun da maigidana ya datse haƙora ya ƙi cin abinci ba. Shekara shida ke nan, amma har gobe in na tsaya dama koko sai abin ya dawo mini sabo.

Maigidana tela ne a Illela, kuma dattijo a 'yar majami'armu. Kasuwar garin ranar Lahadi take ci, ranar da kowane tela ke samun na cefanen mako, amma shi ba ya buɗe shago sai an tashi sujada. Mutum ne mai addu'a, kuma tsakani da Allah, mai tsawaita ta. In ya fara godiya a kan abin karyawa, sai ya bi ta kan marasa lafiya, da matafiya, da shugabanni, har da masuntan tafkin Kalmalo, koko kuwa ya huce ya yi fata. Ni nawa "Amin" ne kawai. Shekara ashirin da biyu muna tare ban taɓa jan addu'a a gidan nan ba, tunda mai abin yana nan.

Katanga ɗaya ta raba mu da wata tsohuwa, Hajiya mai sayar da atamfa. Takan ɗaga murya ta tsokane ni: "Matar tela, ki ce ma wanga miji naki shi rage ma sauran bayin Allah abin roƙo!"

Wata Lahadi da la'asar ya kife a kan keken ɗinkinsa. Hawan jini ne. Muka yi mako uku a asibiti a Sakkwato, muka dawo da shi ɓarin dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke ɗif. Da farko gida ya cika da 'yan majami'a, ana azumi, ana waƙoƙi. A hankali ƙafa ta ɗauke, ban kuma ga laifin kowa ba. Ƙanensa da ya zo daga ƙauye yana ba shi abinci a baki, shi ma ya koma don shuka ta kama. Muka rage daga ni sai shi.

Ba zan ɓoye ba, fushi nake yi da Allah. A raina nakan ce, mutumin da ya bar cinikin Lahadi dominka, duk jikinsa bakin nan ka ga ya dace ka ɗauke? Ko "Amin" ɗin ma na daina.

Washegarin tafiyar ƙanensa na kai masa cokali, ya rufe baki. Na lallashe shi, ya kawar da kai. Rana ta biyu na yi kunun gyaɗa, na sa aka samo mini kifi na yi farfesu, ko kallo bai yi ba. Ga magani an ce kada a sha sai da abinci a ciki. Leɓensa ya bushe, idanu suka faɗa. Na sakankance mutuwa yake nema, ya gaji da ni, ya gaji da kansa.

A safiya ta uku haƙurina ya ƙare. Na dangwarar da kofin koko na ce, "In mutuwar kake so, ka mutu mana! Ka huta, ni ma in huta!" Hawaye kawai na ga ya gangaro ya shige kunnensa. Wannan maganar har yau tana cin raina.

Hajiya ta ji ni. Ta yi sallama ta shigo, ta dube shi, ta dubi kofin, ta zauna a bakin ƙofa.

Ta ce, "Ɗiyata, shekara nawa ina jin addu'a ta katangar ga kowace sahiya. Kwana ukku ke nan ban ji ba."

Na ce, "Hajiya, ai mai yin ta ne ga shi kwance."

"Da ƙanenai shina nan ina jin shi shina yi, ko da gajeruwa ta. Mutumin da bai taɓa kai loma baki ba sai ya ambaci Allah, yau kike son shi hwara? Ni ban san irin taku ba. Ke za ki yi."

Na ce, "Ba ni da abin da zan ce wa Allah."

Ta miƙe tana gyara mayafi, ta ce, "To hwaɗa mishi ɗan abin da kike da shi." Ta fita.

Na daɗe riƙe da kofin. Na nemo kalmomin da na ji shekara ashirin da biyu, ko ɗaya ba ta zo ba. Ban rufe ido ba, ban yi godiya ba, don ban ji ina da ita ba. Sai na ce, "Ubangiji, ka ji tausayinmu yau. Cikin sunan Yesu."

Ya lumshe ido, sannan ya buɗe baki. Kokon ya yi sanyi ƙalau, yadda ya saba shan sa, ya shanye tas. Na kifa kaina a ƙirjinsa na yi kukan da ban yi a asibiti ba. Ashe ba mutuwa yake jira ba, ni yake jira.

Da na so in ce ya warke, amma bai warke ba. Bai ƙara furta ko kalma ɗaya ba. Shekara biyu da 'yan watanni na yi ina juya shi, ina wanke shi, keken ɗinkin yana tsatsa a zaure. Akwai ranakun da na yi addu'ar nan cikin fushi, akwai waɗanda na yi ta ban ma gaskata ana ji ba. Na daina roƙon warkewa, na daina roƙon gobe, don ba ni da ƙarfin hango ta. Wata safiya da damina na yi addu'ar, ya sha cokali uku, kafin azahar ya cika.

Abin da na koya shi ne jinƙan Allah ba hatsi ba ne da za a tara a rumbu. Kamar koko yake, kullum sai an dama sabo, kuma na ranar kaɗai ake ba ka. Har yanzu ban iya doguwar addu'a ba. Kofi ɗaya nake damawa yanzu, babu kuma mai jira in yi ta kafin ya buɗe baki. Amma ina yi.